Hannun Umma

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma a gidanmu Yaya ne mai alƙalami. Amma da baki ba zan iya faɗa wa kowa ba.

Tun da Umma ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo ba ta sake magana ba. Asibiti suka sallame mu da robar abinci a hancinta. Idonta a buɗe yake, yana kallon silin. Ni nake juya ta, in goge mata baya, in shafa mata mai a dugadugai. Masu dubiya su ce, "Ya jiki?" in ce da sauƙi. Jikin kam da sauƙi, har kumatu ta yi. Ita ce ban sani ba ko tana ciki.

Abu ɗaya ke ƙarfafa min gwiwa. In na sa hannuna a nata, sai ta damƙe.

Yaya malamin falsafa ne a jami'a. Shekara da shekaru yana bincike a kan abu guda, wai yadda naman da ke cikin ƙoƙon kai yake zama mutum mai ji, mai sanin kansa. Ranar da ya zo, Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, ta tare shi tun daga ƙofa.

"Ga sarkin tunani! Har yanzu biyanka suke yi ka zauna ka rafka tagumi? Ni kyauta nake yi."

Ya yi murmushin yaƙe, ya wuce ɗakin Umma. Sai da Gwaggo ta fita shanya na iya buɗe baki, kaina a sunkuye.

"Yaya, tana jina?"

Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

"Ban sani ba, Auta."

"Ba aikinka ke nan ba?"

"Aikina ke nan. Na rubuta cewa jiki zai iya motsi, ya ƙifta ido, har ya yi hawaye, alhali ba kowa a ciki. Daga waje ba a iya ganewa. Ke ɗin nan ma ba ni da hujjar cewa akwai ki a ciki."

"Ni ma?"

"Ke ma. Da wannan aka ƙara min girma." Ya yi wata dariya marar daɗi.

Na ce, "Ai tana riƙe min hannu. Duba ka gani."

Ya duba, ya daɗe yana kallo.

"Na tambayi likitanta. Ya ce hannun ne kawai, kome aka sa a ciki zai damƙe, kamar na jinjiri."

"To ka gwada."

"Ba zan iya ba."

Ya durƙusa a bakin gadon ya ce, "Umma, ni ne." Idonta bai bar silin ba. Bai kwana ba, wai yana da aji washegari.

Da safe na yi mata wanka, na canza zanin gado. Na ɗauko matajinta, na tsaya da shi a hannu har ruwan da ke baho ya huce. Sannan na sa mata shi a tafin hannu. Ta damƙe, daidai yadda take damƙe nawa. Na bar mata shi, na fita zubar da ruwan.