Kafin Likita Ya Dawo

Maman 'Yan Biyu ta kai ƙarshen barandar asibitin ta dawo ya fi sau goma. Ƙarfe sha ɗaya likita zai zo jin amsa. Ciwon sukari ya cinye ƙafar mijinta ta dama, ko a yanke ta yau daga gwiwa, ko ruɓar ta haura. Shi kuwa maigidan, direban babbar mota shekara ashirin da shida, ya juya wa kowa baya ya ce ba zai sa hannu ba sai ta yarda. Ka ji mutum! Ƙafarsa, amma ita ya ɗora wa kayan.

Ta riga ta san abin da za ta ce, faɗar ce ta gagara. Likitan ba ya jin Hausa, ita kuma Turancinta bai wuce "yes" da "okay" ba. Haba, ta ce "okay" a kan ƙafar mijinta, sai ka ce ana tayin tumatir?

Mai goge-gogen sashen ta tsaya da bokitinta. "Yaya, tun ɗazu nake gogewa kina takawa. Lafiya?"

"Ƙanwata, kina jin Turanci? Yaya ake cewa na yarda, amma ba da son raina ba?"

"Akwai 'I suppose so'. Shi muke ce wa shugabarmu in ta ƙara mana aiki."

"Ya yi sanyi."

"To, 'if you say so'."

"Me yake nufi?"

"In dai kai ka faɗa."

"A'a, wannan da rashin kunya a ciki. Bawan Allah bai yi mini komai ba."

Mai goge-gogen ta jingina sandarta, ta daina murmushi. "Me za a yi wa mai jikin?" Da ta ji, sai ta yi salati a hankali. "Ki ce, 'If there is no other way'. In babu wata hanya."

Maman 'Yan Biyu ta kama shi tana ta nanatawa. Harshenta ya sarƙe, ta yi tsaki, ta sake. Ta zauna a benci, ta miƙe, ta duba agogo. Tsoro take ji, wallahi.

Likita ya iso da takarda. Ta tare shi a bakin gado ta faɗa, kalma bayan kalma, ba ta yi tuntuɓe ba. Ya dube ta da kyau, ya girgiza kai alamar babu wata hanya, sannan ya miƙa wa maigidan biro.

Maigidan ya juyo, idanunsa jawur. "Me kika ce masa?"

Ta lalubi abin da za ta lulluɓe maganar da shi, ta rasa.

"Na ce su yanke, Baban 'Yan Biyu."