Shari'ar Bahago

Alkasim bai san komai game da basket ba sai da ya fara neman auren Lalla. Malamin dabbobi ne a Tasawa, yana yawo da moto ƙauye-ƙauye yana yi wa awaki da shanu allura, kuma in ana zancen wasa, iyakarsa kokawa. Lalla kuwa ta buga ƙwallon kwando tun tana lise, babbar sakandare, a Maraɗi, ta zo Tasawa tana koyar da motsa jiki a kwaleji. Ranar da ya fara zuwa zance gidansu ta tambaye shi wace ekip yake bi a Amirka. Don kada ya ji kunya, sai ya ce irin tata. Da haka ya zama ɗan Shuɗi, don sunan ƙungiyar ya yi mashi wuyar faɗa, kuma rigarsu shuɗiya ce.

Babban ɗan wasan Shuɗi wani dogo ne mai jefa ƙwallo da hagu, shi ya sa a gidan ake ce mashi Bahago. Shekara tara yana ƙungiyar, shekara bakwai daga ciki Alkasim da Lalla suna kallonsa tare. Ana buga wasannin lokacin da Tasawa ke barci, don haka da safe suke ganin taƙaitawar wasan a wayar Lalla, an jingina ta da gwangwanin sukari, suna shan koko. Lalla takan duba yadda ake tsare gida da yadda ake miƙa ƙwallo. Alkasim bai taɓa gane waɗannan ba. Shi dai idonsa na kan Bahago, kuma ya ɗauka wannan shi ne son ƙungiya.

A farkon watan Yuli, an yi hutun lekol, ɗalibai sun watse, ruwa ya sauka, gero ya fara tasowa, sai labari ya zo cewa kontirar Bahago, wato yarjejeniyarsa da ƙungiyar, ta ƙare kuma ya ce ba zai sabunta ba. Ya ba da baki zai koma wata ƙungiya mai riga ruwan goro, wadda ta yi shekara goma sha biyu ba ta ci wani abin kirki ba. Lalla ta karanta labarin sau biyu, ta ajiye waya, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayonta, rigar Shuɗi mai lambar Bahago, arba'in da bakwai, wanda wata ƙawarta ta kawo mata daga Yamai. Ta sa almakashi ta raba shi huɗu, ta rataye a madafa don sauke tukunya.

Alkasim ya taya ta jin haushi yadda ya iya. Ya ce butulci ne, ya ce ba a yin haka. Amma a hanyar Maijirgi, yana kan moto shi kaɗai, ya gwada tuno Shuɗi ba tare da Bahago ba, sai ya ga bai ma san sunan mutum uku a cikinsu ba. Ya tsaya gindin wata itaciyar bedi inda rezon waya ke kamawa, ya nemo hoton da aka haɗa na Bahago cikin riga ruwan goro. Ya daɗe yana kallo. Ya ga launin ya karɓe shi.

Kwana biyu bayan haka ya je wajen Yasin tela a bayan tasha da yadi ruwan goro, ya ce a ɗinka mashi riga marar hannu, a sa lamba arba'in da bakwai a baya, kuma kada kowa ya ji. Rigar ta zauna cikin jakar moto, ƙarƙashin akwatin sanyi na magunguna. In ya fita gari sai ya tsaya ya sa ta, in zai dawo ya tuɓe. Makiyayan da yake yi wa aiki sun ɗauka sabuwar rigar ma'aikata ce da gwamnati ta raba.

Hindatu ce ta tona shi, kuma ba da gangan ba. Ƙanwarsa ce, tana aure a gidan da ke jikin nasu, katanga ɗaya ta raba su. Ta je Maijirgi gaisuwar haihuwa ta hango shi riƙe da kunnen ɗan maraƙi, da ta dawo ta leƙo ta gaya wa Lalla cewa rigar nan mai lamba ta yi wa Yaya kyau, ta tambaya ko ita ta zaɓar mashi launin.

Da Alkasim ya shigo da la'asar ya tarar da jakar moto ake jira. Lalla ta miƙa hannu, ya ba ta. Ta zaro rigar da yatsa biyu ta ɗaga.

"Likita," ta ce, don haka take kiransa, "tun yaushe?"

Ya ce tun ranar Alhamis. Ya yi ƙoƙarin bayani: mutum ya gama aikin da aka ɗauke shi, yana da ikon ya je inda yake so, kuma Shuɗi ma ba su kyauta mashi ba, shekara tara ba su samo mashi mataimaki na gari ba. Lalla ta ce ashe ya iya bayanin basket, shekara bakwai yana ɓoyewa. Daga nan murya ta fara tashi. Ta ce an ɗauko yaron nan ba wanda ya san shi, an raine shi, an yi haƙuri da shi lokacin da gwiwa ta kwantar da shi shekara guda, ranar da ya ji ƙarfi ya fita ko sallama babu. Ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne mijinta ya bi shi a ɓoye. Alkasim ya ce shi ba zai rabu da Bahago ba ko ina ya je.

Duk wannan Hindatu na jinsa ta bayan katanga. Ba ta san wani Bahago a dangi ba, amma ta ji an ce raino, an ce gwiwa, an ce rabuwa. Washegari kuma ta lura ba a jingina waya da gwangwani ba. Kowa ya sha kokonsa a kusurwarsa. Sai ta kira Baba Ɗan Malam, ƙanen mahaifinsu da ke Maijirgi, wanda shi ya karɓar wa Alkasim auren Lalla, ta ce mashi gidan Yaya ya kama wuta.

Baba Ɗan Malam ya bar noman farko a tsakiya ya hau amalanken maƙwabcinsa, ya iso kafin azahar da laka a ƙafar wandonsa. Aka shimfiɗa mashi tabarma, aka kawo fura, ya ture ta gefe ya ce sai an gama magana. Ya zaunar da su biyun a gabansa, Hindatu na bakin ƙofa. Ya yi addu'a, ya yi nasiha mai tsawo a kan zaman aure, sannan ya juya ga Lalla.

"Ɗiyata, wanga Bahago, ɗan wa ne? Ta wajenki yake ko ta wajenmu?"

Lalla ta sunkuyar da kai. Alkasim ya duba sama. Can ya ce a hankali, Bahago a Amirka yake.

Baba ya ce to madalla, an samu na ƙasar waje a dangi bai sani ba. Ya tambaya mi yake yi can. Aka ce ƙwallo yake jefawa cikin kwando. Ya tambaya ko kwandon nasa ne. Aka ce a'a. Lalla ce ta daure ta yi bayanin daga farko: yadda ƙungiya ke ɗaukar ɗan wasa na wasu shekaru, yadda in wa'adi ya cika yake zama ba na kowa ba, sauran ƙungiyoyi su yi ta zawarcinsa har ya zaɓa. Baba ya saurara da kyau, ya ce wannan ai kamar makiyayin da aka ba kiwo ne, in shekara ta zagayo ya ga dama ya zauna, ya ga dama ya kora gaba. Ya tambaya ko ya tafi da wani abu da ba nashi ba. Aka ce bai tafi da komai ba. Ya tambaya ko ya bar aiki bai gama ba. Lalla ta ce bai ciyo musu kofi ba. Baba ya tambaya ko ya rantse zai ciyo. Ta ce ya faɗa a wata hira.

"Ke ya faɗa mawa?"

"A'a, Baba."

"Ya san ki?"

"Bai san ni ba."

"Kai fa, ya san ka?"

Alkasim ya ce shi ma bai san shi ba.

Baba Ɗan Malam ya jawo kwanon furar ya sha rabi. Ya ce ya sasanta rigimar gona, ya sasanta ta gado, ya taɓa raba mutum biyu a kan jaki guda, amma bai taɓa barin hauya a gona don mutumin da bai san Tasawa na duniya ba. Tunda dai ya zo, ba zai koma babu shari'a ba. Kowa ya faɗi matsayinsa sau ɗaya a gabansa, ya zama shaida, daga nan kada ya sake jin zancen.

Lalla ta ce ita tana nan Shuɗi, kuma ta gama da Bahago. Dama gwiwarsa ta mutu, shekarunsa sun ja, ko ya dawo da rarrafe ba za ta ƙara kama sunansa a bakinta ba. Sannan ta ƙara da cewa wasu dai ba su da ƙungiya, bayan mutum suke bi kamar ɗan akuya. Wannan maganar ce ta ja Alkasim ya faɗi abin da bai shirya ba. Ya ce shi ɗan Ruwan-goro ne na gaske, ba don kowa ba, da Bahago da babu Bahago, har ƙarshen ransa.

Baba ya ce ya ji, ya shaida. Hukuncin da ya yanke ɗaya ne: yinin da ya ɓata, Alkasim zai biyo shi Maijirgi ranar Asabar ya rama mashi a gona. Haka kuwa aka yi. Alkasim ya yini duƙe cikin gero sanye da rigarsa, tunda babu sauran abin ɓoyewa, masu wucewa a amalanke suna yi wa likita barka da aiki.

Yana gonar ne labari ya sauya. Ashe baki kawai Bahago ya bayar, ba a kai ranar sa hannu ba. Masu Ruwan-goro sun sallami mai horar da ƴan wasansu, wanda shi ya lallaso Bahago tun farko, shi kuma Bahago ya ce in haka ne ya fasa. Ya sa hannu a sabuwar kontira ta shekara huɗu da Shuɗi, ya fito gaban ƴan jarida yana share hawaye yana cewa nan ne gida.

Alkasim ya dawo da bayansa a sage ya tarar da Lalla zaune a tsakar gida da waya a cinya. Ta miƙa mashi ba ta dube shi ba. Ya karanta, ya zauna a kan turmi. Can ya ce wataƙila Baba bai riƙe maganar kalma-kalma ba, tsufa ya fara kama shi. Lalla ta ce ita ma ta yi wannan tunanin. Suka kira shi tare. Baba ya saurari bayanin har ƙarshe, sannan ya maimaita musu abin da kowannensu ya faɗa, bai bar ko rarrafen ba. Ya ce shaida ba a janye ta don ƙwallo, kuma in suna so ya sake zama, noma na biyu na nan tafe, ya ga hannun Alkasim na da kyau. Ba su sake kiransa ba.

Da aka fara kakar wasa a watan Oktoba, waya ta koma jikin gwangwani, sai dai yanzu wasa biyu ake kallo. Ruwan-goro suka sha kashi goma sha ɗaya a jere. Alkasim ya koyi sunayensu duka, don babu wani guda da za a zuba wa ido, har ya fara gane mene ne tsaron gida saboda ganin yadda nasu ba su da shi. Lalla kuwa ƙungiyarta na ta ci, amma in ta zo ba ɗalibanta labari sai ta ce "wancan mutumin" ya jefa maki talatin da biyu, kuma ta faɗe shi fuska a ɗaure.

A watan Janairu ƙungiyoyin biyu suka haɗu. Saura daƙiƙa uku, Ruwan-goro na gaba da maki biyu, abin da ba a taɓa gani ba a kakar. Aka miƙa wa Bahago ƙwallo a tsakiyar fili, mutum biyu a jikinsa, ya juya ya sake ta da hagu, ta faɗa cikin kwando ko ƙarfen ba ta taɓa ba, maki uku. Alkasim ya miƙe zumbur da hannu biyu a sama, koko ya zube a tabarma. Sai ya tuna wace ƙungiya aka ci. Ya sauke hannun a hankali ya fara kakkaɓe wando, ya ce cinnaka ce ta cije shi.

Lalla ta duba tabarmar sama da ƙasa ba ta ga cinnaka ba. Ta ce lalle ta yi cizo, ta mayar da hoton baya kaɗan, suka sake kallon jifar sau uku kafin ya tafi aiki.