Na Ce Babu Komai a Ciki

Nazifa ce 'yata ta fari. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, don a garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". Yarabawan gidan da muke haya a Agege kuwa Mama Nazifa suke kirana, kullum sai na sunkuyar da kai kafin in amsa. Ita dariya abin yake ba ta.

Shekarar da soja suka sauka daga mulki ta gama sakandare, ta shiga makarantar koyon kwamfuta a Iyana Ipaja. Malam, mahaifinta, dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12. Da ya ga ta iya, ya sayo mata tsohuwar kwamfuta a Ikeja, aka ɗora a kan teburin keken ɗinkina. Tana buga wa mutanen unguwa katin biki da wasiƙu. Ni ko kusa ba na zuwa, sai dai in share ƙarƙashin teburin.

Wata rana da hantsi ta jawo ni da ƙarfi, ta ce sai ta nuna mini wani abu. Ta riƙe wani ɗan abin magana mai doguwar waya, ta yi surutunta a ciki, sannan ta danna, sai ga muryarta tana fitowa daga lasifika:

"Umma, ga ni cikin akwati. In na yi aure na tafi, ki danna nan. Kin ci abinci? Ban yarda ba, ban ga kwano ba."

Sai dariyarta. Can baya kuma ana jin hon ɗin baburan okada, da tawa muryar ina cewa, ke, tashi ki ɗora ruwa.

Ta san ba na karanta Turanci. Hausar ma ajin yaƙi da jahilci ne ya ba ni. Don haka ta ja ɗan hoton lasifika mai ruwan ɗorawa, wanda muryar ke ciki, ta ajiye shi shi kaɗai a ƙasan allon, kusurwar dama, nesa da sauran. Ta ɗora hannuna a kan maus, ɗan abin da ake ja kibiyar allon ta motsa, ta ce in kai kibiyar can in danna sau biyu da sauri. Na fizge hannuna na ce ba ni da lokacin shirme.

Ba ta yi auren ba. Da daminar da ta biyo ta kwanta da zazzaɓi da ciwon ciki, kwana biyar, ranar Laraba Allah ya karɓi abinsa. Mata suka cika gidan. Ban yi kuka a gabansu ba, har ana cewa Allah ya ba ni haƙuri.

Bayan sadakar arba'in na fara. In Malam ya tafi kasuwa, na gama shara, in akwai wuta, sai in tura ƙofa in kunna kamar yadda na sha ganin tana yi. Allon ya kawo hoton furanni jajaye da ta sa, 'yan hotunan nan kowanne a inda ta bar shi. In kai kibiya kusurwa in danna sau biyu. Wata rana sau uku, wata rana ban san adadi ba.

Damuwata ɗaya, Yaya Furera. Yayar Malam ce, tun da mijinta ya rasu take zaune a ɗakin da ke jikin namu, bangon kuwa ko tari ka yi ana ji. Ban san yadda ake rage ƙara ba, ina kuma tsoron taɓa abin da ba a nuna mini ba. Sai na riƙa ɗauko bargon Malam mai kauri in lulluɓe lasifikar da akwatin gaba ɗaya, in cusa kaina ciki. Haka na yi wata huɗu.

Ranar wata Alhamis ana zafi sosai, ina cikin bargon, muryar ta tsaya a tsakiyar magana. Na fito da kai. Kibiya ta ƙame, na ja maus ta ƙi motsi. Na jira har aka kira azahar, tana nan yadda take. Akwatin ya yi zafi kamar murfin tukunya. Da na rasa yadda zan yi sai na zare wayar daga bango.

Da na sake kunnawa ta daɗe tana wani rubutu a kan shuɗin allo, sannan ta buɗe. Babu furanni. Allon ya koma kore fayau, 'yan hotunan sun yi layi a hagu kamar yara a makaranta, wasu ma ban taɓa ganinsu ba. Kusurwar dama wayam. Na danna wurin duk da haka. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, kowanne ya buɗe mini Turanci, wani ya ƙi rufuwa. Kafin la'asar ta sake ƙamewa.

Da Malam ya dawo na ce masa abin yarinyar nan ya lalace. Bai tambaye ni yadda aka yi na sani ba. Ya ce zai kira Sunusi.

Sunusi haifaffen Agege ne, magidanci mai 'ya'ya uku, yana da shagon gyaran kwamfuta a Ikeja. Ranar Lahadi ya zo da jakar faya-fayai. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya yi mana ta'aziyya. Malam na kan kujera, Yaya Furera ta shigo ta zauna a bakin gado tana tsinke zogale, ni ina tsaye a bakin ƙofa.

Ya kwance bayan akwatin ya hura, ya ce zafi ne ya yi mata yawa, ko ana rufe ta da wani abu tana aiki? Ya kunna, ya kashe, ya danna wasu maɓallai har allon ya yi baƙi da fararen rubutu. Yana yi yana gunaguni da Yarabanci. Ya ce wurin da take ajiye tsarin allon ne ya lalace, ta manta yadda aka jera mata kaya, shi ya sa ta koma kamar sabuwa. Ya gwada dawo da na da, ta ƙi. Sau biyu tana ƙamewa a hannunsa.

Daga nan ya ce abin da ya fi sauƙi a wanke ta tas a zuba sabo. Amma in an wanke, duk abin da ke ciki ya tafi. In akwai abin da ake so, a faɗa masa ya nemo ya kwashe a faifai tukuna, don kayan suna nan a ciki, wurin zamansu ne kawai ya ɓace.

Malam ya ce shi bai san komai a kanta ba, katunan bikin mutane ne, an riga an yi bukukuwan. Ya ce a tambaye ni, ni ce mai zaman gida.

Sunusi ya juyo. "Mama, akwai wani abu nata da kike so a ajiye? Hoto ko wani abu?"

Maganar tana bakina. Na dubi Malam, na dubi Yaya Furera, kanta na kan zogale. Ta yaya zan ce a gaban mijina da yayarsa da wani namiji, ni ce nake rufe ƙofa kullum ina sauraren 'yar fari? A raina na ce in sun fita zan bi shi waje in faɗa masa. Ban san wankin ba ya ɗaukar lokaci ba. Na zaci kamar wankin kaya ne, sai an jiƙa.

"Babu komai a ciki," na ce.

Ya sake tambaya. Na sake faɗa. Ya sa faifai ya danna.

Kafin Malam ya dawo daga sallar la'asar an gama. Sunusi ya nuna mana tana aiki sumul, har ya sa mana hoton gajimare. Na kawo masa ruwa, na yi godiya.

Kwana tara ina kunnawa ina duba kusurwar. A na goma na naɗe akwatin a zane, na ɗauka a ka har bakin titi, na hau motar haya, danfo, zuwa Ikeja. Ban taɓa zuwa ni kaɗai ba. Na yi ta tambaya har wani mai gadi, mutumin Nijar, ya kai ni ƙofar shagon.

Shagon cike da maza. Na ajiye akwatin, na faɗa wa Sunusi komai a tsaye: muryar, kusurwar, bargon. Ya cire hularsa ya riƙe. Ya ce, "Haba Mama. Sau biyu fa na tambaye ki."

Ya sallami masu jiransa. Ya ciro wani ƙarfe daga cikin akwatin ya haɗa da tasa kwamfutar, ya ce wani lokaci akan samu ragowar abu in sabon bai hau kansa ba. Ya kira wani abokin aikinsa Ibo suka duba tare. Na zauna a benci daga hantsi har bayan la'asar. Sun samo rabin katin bikin wata Ramatou, da wata wasiƙar neman aiki. Duk abin da ya yi kama da sauti sun kunna mini, ƙararrawa ce kawai da kiɗan da kwamfuta ke yi in ta tashi. Daga ƙarshe ya mayar da ƙarfen ya ɗaure, ya ce in yi haƙuri. Shi ya riƙo mini akwatin har tasha.

Na iso gida gab da magariba. Yaya Furera na zaune a ƙofar ɗakinta da buta. Ta ga kayan a kaina, ta tambaya ko ta sake lalacewa ne.

Na sauke. Na ce, "Muryar Nazifa na je nema, Yaya. Babu."

Ban taɓa jin sunan a bakina ba sai ranar.

"Ina ji ta bango," ta ce. "Kullum in kin tura ƙofa sai in bar abin da nake yi in matso. Bargon bai hana komai ba."

Na ce to me ya sa ba ta yi magana ba ranar da Sunusi yake tambaya.

"Na ga kin ce babu. In na ce akwai, na tona miki asiri a gaban ƙanena."

Ta matsa mini a kan tabarmar na zauna. Aka kira salla, babu wadda ta tashi a cikinmu. Can ta tambaye ni, bayan "kin ci abinci" me take cewa ne, don wurin nan bai taɓa fitowa sosai ta bangon ba. Na faɗa mata.