Addu'ar Safe a Gidan Saje Lado

Shekarar da soja suka miƙa mulki suka koma bariki, ƙasa duka ta dawo hannun farar hula, ban da gida ɗaya a bayan Ƙofar Ƙaura. Gidan Saje Lado ke nan. A watan da aka rantsar da sababbin shugabanni shi ma ya ajiye kaki, ya ɗauko akwatinsa na ƙarfe ya dawo Katsina wajen iyalinsa, kuma ga dukkan alamu mulkin da aka karɓe a sama shi ya ƙunso ya kawo gida.

Lado mutumin karkarar Kafur ne, Kirista ɗan Kirista, dogo, mai tsadar dariya. Ba mugu ba ne, wannan kowa ya shaida. Alkawari ne ke cin sa. A dajin Laberiya, ranar da aka yi musu kwanton ɓauna ya wuni kwance cikin taɓo kusa da gawar abokinsa, ya ce wa Ubangiji in ya mai da shi gida da ransa, gari ba zai ƙara wayewa ba sai gidansa ya taru ya yi godiya. Ubangiji ya cika nasa. Saura na Lado, shi kuwa mutum ne da bai taɓa barin aiki a rabi ba.

Sai dai gidan bai zauna jiransa ba. Duk shekarun da yake yawo daga wannan bariki zuwa wancan, matarsa Sabuwa tana addu'ar safe, amma irin tata. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida, saboda haka a tsaye asuba take samunta. Tana wanke wake tana ba da waƙa, autarsu Briskila tana amsawa daga ɗaki, wani lokaci ma daga cikin bargo. In waƙa ta ƙare, Briskila ta karanta 'yan ayoyi da ƙarfi, don uwar karatunta bai yi nisa ba. Sannan Sabuwa ta yi addu'a, hannu cikin ruwan wake, tana ba Yesu labarin tsadar man gyaɗa da ciwon gwiwar maƙwabciya kamar yana zaune kan turmi kusa da ita. A ce amin, a ɗauki bokiti, a tafi inji.

Safiyar farko bayan dawowarsa Lado ya fito ya tarar da wannan. Sabuwa ta ɗago kai, fuska cike da murna, ta ja numfashi za ta ba da waƙa. Ya ɗaga mata hannu.

"Dakata. Mi nike gani haka?"

"Addu'ar safe ce, Maigida."

"Da hannu cikin wake? Ko kyaftin ba a yi mashi magana haka, balle Sarkin sarakuna. Tsame hannunki ki wanke."

Ta tsame ta wanke. Waƙar da ta ja numfashi dominta ta koma inda ta fito.

Daga ranar aka shiga tsari. Da ladanin unguwa ya kira assalatu, Lado ya hura usur a tsakar gida, usur na gaske, wanda ya yi faretin safe da shi shekara da shekaru. A wanke fuska, a ɗaura kallabi, a zauna kan benci a miƙe. Shi zai buɗe Littafi Mai Tsarki, shi zai karanta, shi zai yi bayani. Addu'arsa kuwa rahoto ce cikakkiya: ya fara da shugabannin ƙasa sababbi, ya gangaro kan gwamna, ya bi ta kan fasto da dattawan ikilisiya, kafin ya iso kan mutanen gidansa ƙafar Briskila ta yi sanyi. Maƙwabtansu Musulmi in sun fito masallaci suka ji usur, sai su ce Saje ya tada rundunarsa.

Duk wannan da sauƙi. Inda ya yi ɓarna wajen waƙa ne. A wurin mutanensu waƙar ibada aikin mutum biyu ce aƙalla, mai bayarwa da mai amshi, kuma ba a naɗa mai bayarwa. Wanda waƙa ta zo wa a zuciya shi ke ɗaga ta, yawanci ma mata ne, saura su karɓa. Lado ya san haka sarai, da shi ya tashi. Amma ya ga bai dace a ce babba yana zaune ƙarami ya fara magana ba, sai ya karɓe bayarwar ya haɗa da sauran muƙamansa. Muryarsa kuwa ta ba da umarni ce, ko waƙar ta'aziyya ya ɗauko sai ka ji kamar a tashi a yi maci.

Da fari suna amsawa da ƙarfi, don ganin idonsa. A hankali amshin ya riƙa ramewa. Briskila ta samu gurbi a makarantar koyon jinya ta koma kwana can, benci ya rage mutum ɗaya. Wata safiya cikin damina Lado ya ba da waƙa, ya kai inda ake karɓa, ya ji shiru. Sabuwa tana zaune a miƙe yadda aka koya mata, idonta a kan tafin hannunta.

"Ba ki ji ba ne?"

"Na ji."

"To ina amshi?"

"Ina yi a zuci, Maigida."

"A zuci! Ni da Allah muka yi alkawari gidan ga zai yi godiya, ba a zuci muka yi ba. Buɗe baki."

Ta buɗe baki ta amsa, kalma bayan kalma, ba ta ci ko ɗaya ba. Da ta ƙi ma da ya fi masa sauƙi, don ya san maganin bore. Wannan kuwa bai san maganinsa ba. Ya daɗe a soja, ya san bambancin sarawar da kurtu ke yi wa wanda yake ƙauna da wadda yake yi wa igiyar kafaɗa kawai. Abin da ake miƙa wa Ubangiji a gidansa kowace safiya irin ta biyun ce, kuma tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, cewa alkawarin nan ba cika shi yake yi ba. Da yake Lado ne, sai ya ƙara tsawon addu'ar.

Abin da ya fi ba shi haushi, da an ce amin Sabuwa za ta zabura ta ɗauki bokitin wake ta nufi injin Audu da ke bakin titi, da sauri kamar yarinya. Sauran masu ƙosai yara suke aikawa markaɗe. Ita ko an ce a kai mata sai ta ce a'a, ba a iya mata. Lado ya ɗauka gudunsa take yi, kuma bai yi kuskure duka ba.

Ran nan ta fita ta manta ƙullin attarugu da albasa a kan turmi. Ƙosai kuwa in ba a markaɗa su tare da waken ba, an yi aikin banza. Lado ya duba ƙullin, ya yi tsaki, ya ɗauka. A hanya yana shirya jawabin da zai yi mata a kan sakaci. Gari ya fara haske, 'yan acaɓa sun fito, bangon unguwa duk hotunan 'yan takara da ruwan sama ya jiƙa sun fara ɓallewa. Tun daga nesa ya jiyo injin, tsohon inji mai shan gas, wanda in ya tashi ko kiran sunanka aka yi a kunne ba ka ji.

Ya sha kwana ya hango ta. Ya tsaya.

Sabuwa tana tsaye dab da injin, inda ƙarar ta fi yawa, inda sauran mata ke gudu. Audu yana tura wake da sanda, bai ko kula ta ba, da gani ya saba. Bakinta a buɗe, wuyanta a miƙe, idonta a rufe, ƙafarta tana buga ƙasa, kafaɗunta suna rawa. Waƙa take yi iya ƙarfinta, ba a jin ko ɗigo. Fuskar nan da ta ɗago masa safiyar farko, wadda bai ƙara gani ba tun ranar, ga ta nan a bakin titi cikin hayaƙin gas.

Sai bel ɗin injin ya zame. Ƙarar ta yi tari ta mutu, muryar Sabuwa ta fito fili ita kaɗai, har tsallaken titi:

"Na gode, Yesu, na gode,
Ka tsallake da shi ruwa, ka tsallake da shi wuta,
Ka maido mani Lado har ƙofar ɗaki."

Tun da aka ɗaura musu aure bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Mace irin Sabuwa ba ta faɗin sunan miji, ko a asibiti aka tambaye ta sai ta nemi wani ya faɗa. Matan da ke layi suka dubi juna suna ƙunshe dariya. Ita kuwa ta buɗe ido, ta gan shi tsaye da ƙullin attarugu a hannu, ta kama bakinta da gefen mayafi. Yana kallo fuskar ta rufe, kafaɗun suka miƙe, ta tsaya yadda ake tsayuwa a gabansa.

Audu ya ɗago daga gyaran bel ya ce, "A'a, Saje da kanka? Barka da asuba. An tashi lahiya? Ya iyali?"

"Lahiya lau," in ji Lado. Ya miƙa ƙullin, ya juya. Jawabin sakaci ko kalma ɗaya bai fito ba.

Da hantsi, bayan ta tashi daga suya tana kankare kasko, ya zo ya tsaya a kanta.

"Waƙar nan, a ina kika koye ta? Ban san ta ba."

Ba ta ɗago ba. "Ba koya na yi ba. Zuwa ta yi, ranar da aka ce mana kana hanya."

"Shi ne ba ki taɓa yi ba a gida?"

"Na tashi yi. Ka ce in wanke hannu."

Ba da zafi ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Lado ya ji kunya irin wadda bai ji ba tun yana kurtu. Godiyar da ya yi wa Allah alkawari ashe tana nan ana yin ta kullum, a kansa ma ake yi, sai dai an kai ta inda ba zai ji ba.

Washegari ladan ya kira, tsakar gida shiru. Sabuwa ta jira, ta gaji da jira, ta fito da kallabi a ɗaure ta nufi benci. Ta tarar Lado ya jawo turmi ya kifa kusa da bahon wake ya zauna, Littafi a rufe kan cinyarsa.

"Ba za a yi addu'a ba yau?"

"Za a yi. Yi aikinki."

Ta dube shi, ta dubi bahon, ta tsuguna ta sa hannu. Ya jira waƙa. Ba ta zo ba. Ruwa kawai ke motsi, ɓawon wake yana tasowa tana kwashewa. Sau biyu bakinsa ya buɗe zai ce ta fara, sau biyu ya haɗiye. Ta gama, ta ɗauki bokiti ta tafi inji, ya bi ta da ido, ya san inda waƙar za ta fito. Ranar ya wuni yana ganin ya karya alkawari, abinci ma kaɗan ya taɓa.

Haka aka yi kwana da kwanaki. Mutumin da ya saba in ya ce a yi an yi, ya koma zaman jira a kan turmi, yana karanta ayoyinsa a hankali, yana 'yar gajeruwar addu'a da ba gwamna a ciki. Da zaman ya ishe shi sai ya fara ɓare mata albasa, yana ɓarna, tana kallo.

Wata safiya, yana fama da albasa ido na ruwa, ya ji wani abu ƙasa-ƙasa kamar ƙudan zuma. Bai ɗago ba, don kada ya kore shi. Sautin ya ƙaru, ya zama kalmomi. Ka tsallake da shi ruwa, ka tsallake da shi wuta, da ta zo wurin sunan sai ta ce Maigida, ta doshi inda ake karɓa. Lado ya ga babu kowa a gidan sai shi. Ya buɗe baki ya faɗa ciki da muryar fareti, tun ba ta sauke numfashi ba, har kajin maƙwabta suka amsa.

Sabuwa ta fashe da dariya, dariya har da riƙe ciki, hannu duk ruwan wake.

"Ba haka ba, Maigida. Jira in kai ƙarshe tukuna. Kuma sassauta, Yesu ba kurma ba ne."

"To," in ji Saje Lado. "Sake bayarwa."

Ta sake bayarwa, ya jira ta kai ƙarshe, sannan ya amsa.