Zaren Rigar Baba

Ranar Talata ce, kuma tun da gari ya waye ake yayyafi, irin wanda ba ya ƙarfi ba ya ɗaukewa, sai dai ya bi mutum har cikin ƙashi. A ranar ne nas ɗin ɗakin jarirai ta tare Auta a barandar asibiti ta ce masa 'yarsa ta kusa fita daga kwalba.

Auta mai gyaran keke da babur ne, a rumfar da mahaifinsa ya mutu ya bar masa. Mutum ne da ƙafarsa ba ta san zama ba. Ko shayi a tsaye yake sha. Tun da matarsa ta haifi bakwaini aka sa jaririyar a kwalba, sai abin nasa ya ƙaru, ya zama kullum yana tsakanin rumfa da asibiti kamar wanda ya ɓatar da makulli.

"Amma tsaya ka ji, baban yarinya," in ji nas. "Kayan da kuka kawo, uku irinta za su shiga ciki su yi hira. Bakwaini ba ya riƙe ɗumi. A samo mata riga daidai jikinta, mai laushi, wadda babu ɗinki a ciki da zai goge mata fata. In nauyinta ya tsaya, ƙarshen mako za mu sallame ku. In ba rigar, ni ba zan sa hannu a fita da ita cikin wannan sanyi ba."

Ya leƙa ta gilashi. Yarinyar tana kwance, ƙirjinta yana sama yana ƙasa, duk tsawonta bai wuce famfon da yake ba taya iska da shi ba.

Ya zagaya shagunan kayan jarirai, duk wadda aka ɗauko masa sai ya ga buhu ce. Da yamma ya koma gida jiƙe, ya faɗa ɗakin Inna.

Inna mahaifiyarsa ce. A zamaninta babu jaririn da aka haifa a layinsu da bai sa hular da ta saƙa ba. Yanzu yanar ido ta rufe mata ido ɗaya, ɗayan kuma hazo-hazo yake gani. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce ya jawo mata gwangwanin biskit da ke ƙarƙashin gado. Da ya buɗe, sai ga dunƙulen zare guda ɗaya ruwan ƙwai, da tsinken saƙa ɗaya a lanƙwashe babu ɗan'uwansa. Takardun samfurin da ta ajiye shekara da shekaru kuwa, gara ta riga ta yi walima da su.

Inna ta juya dunƙulen a tafin hannunta. "Wannan hula ce da safa, in an yi tattali. Riga kam sai ka nemo zare. Ka je shagon tsohuwar nan ta bakin tasha. In an ba ka, ka goga a wuyanka. In ya sosa ka, kada ka kawo mini."

"Tsinken fa?"

"Kai da ke gyaran keke kake tambayata tsinke?"

Washegari ya zare wayoyi huɗu daga wata ƙafar keke, ya yanke, ya goge bakinsu da dutse har suka yi sumul. Wannan dai ya zo da sauƙi. Zaren ne ya zama aiki.

Shagon tsohuwar ya koma na sayar da waya. Mai shagon ya dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Maigida, wa ke saƙa yanzu? Tsohuwar ta tattara ta koma wurin 'ya'yanta tun bara waccan." A layin teloli ya samu zare kala-kala, amma da ya goga a wuyansa sai ya ji kamar soson wanke tukunya. Wani ya duba masa a waya, ya ce akwai masu aikowa daga nesa, sai dai kafin ya iso wata ya yi nisa. Auta ya yi godiya ya buga babur.

A ƙarshen kasuwa, ƙarƙashin wata leda da ruwa ke ɗiga, wani mai gwanjo ya ji labarinsa ya yi dariya.

"Ai kai ne ba ka sani ba. Matan da ke saƙa nan suke zuwa. Tsohuwar rigar sanyi suke saya su warware, zare ya fito musu kamar sabo. Ga wannan, taɓa ka ji. Kamar kunnen mage."

Riga ce ruwan hoda, mai laushin gaske. Auta ya goga a wuya, ya ji daɗi har ya lumshe ido. Ya tura ta cikin rigarsa don kada ta jiƙe, ya nufi gida yana jin ya kamo zaki da hannu.

Inna ta karɓa, ta juya cikinta waje, ta bi gefen da yatsa. Sai ta miƙa masa almakashi. Ya tsinke ɗinkin, ya ja zare. Zaren ya biyo shi kamu biyu, ya ƙare. Ya ja wani, shi ma haka. Kafin wani lokaci tabarmar ta cika da guntaye a nannaɗe.

"Sannu da cefane," in ji Inna. "Taliya ka sayo mana."

"Inna, ba lokacin wasa ba ne."

"To kuka zan yi? Wannan a kamfani aka saƙa ta da faɗi kamar yadi, aka yanka da almakashi, aka ɗinke. Kowane layi an datse shi. In na ce zan ƙulla, ƙulli ɗari ne a jikin jikata. Laifina ne da ban ce ka duba gefe ba."

Auta ya miƙe, ya je bakin ƙofa, ya dawo, ya sake komawa.

"Zauna, kana sa ni jiri," in ji ta. "Kuma ko ka samo zaren, akwai saura. Jiki da hannu duk suna nan a yatsuna. Kafaɗa ce ta ɓace mini. Akwai yadda nake haɗa hannu da jiki a tafi har wuya ba ɗinki, ana rage ido kaɗan-kaɗan. Tun jiya nake nema a kaina, na rasa inda ake ragewa."

Ya ciro wayarsa ya nemo mata bidiyon wata mata tana saƙa. Inna ta kawo wayar dab da hancinta, ta kai ta nesa, ta karkata kai.

"Wannan baiwar Allah ana korarta ne? Ni ban ga komai ba sai fari yana motsi."

Ya zube kusa da ita a bakin gado, ya haɗa kai da gwiwa. Ruwa yana ta buga kwano. Inna ta ɗora hannu a kafaɗarsa, shi kuma ya ɗauka lallashi ne, irin na da. Sai ya ji yatsun ba su tsaya wuri ɗaya ba. Suna tafiya a hankali daga hammata zuwa wuya, su tsaya, su koma baya, su sake hawa. Leɓenta yana motsi.

Sai a lokacin ya tuna abin da ke jikinsa.

Rigar sanyin Baba ce, ruwan toka, wadda Inna ta saƙa masa da hannunta tun kafin a haifi Auta. Baba ya sa ta kowace damina a rumfa har ya bar duniya. Kayan aikinsa an raba, takalmansa an bayar, agogonsa ya tafi wurin babban wa. Rigar ce kaɗai Auta ya ɗauke bai tambayi kowa ba. Gwiwar hannunta ta huje, bakin hannun ya yi baƙi da man inji, kuma har yanzu in ruwa ya taɓa ta, wani wari yakan taso na gawayi da sabulun da Baba yake wanka da shi. Matarsa ta sha cewa za ta jefar, shi kuma ya sha cewa to ta haɗa da shi.

Ya goga wuyansa a jikin wuyan rigar. Wankin shekaru ya cinye duk kaushinta.

Inna ta janye hannunta da sauri, kamar wadda aka kama tana ɗanɗana miya.

"Daga waje ba ya karantuwa," ta ce. "Ta riga ta haɗe. Bar shi kawai."

"In an warware fa?"

"Ban ce ba."

"Na san ba ki ce ba. Tambaya nake."

Ta juya fuskarta wajen bango. "In ana warwarewa, kowane ido zai faɗo a hannuna, in ji inda biyu suka zama ɗaya. Amma ba a mayar da ita, Auta. Ni ba ni da idon da zan sake maka wata."

Ya cire rigar ta kansa. Sanyi ya daki bayansa.

"Mayar da rigarka," in ji Inna. "Za mu nemi wata dabara."

"Ta ina ake farawa?"

"Kai dai kunnen ƙashi gare ka, kamar mai ita."

"Ta ina, Inna?"

Ta miƙo hannu. Ta laluba bayan wuyan har ta samu wani ɗan kumburi, inda ta ɓoye bakin zaren ranar da ta gama. "A nan na ƙare. Daga nan za a fara."

Ya tsinke. Ya ja a hankali, zaren ya biyo shi, ya zagaye wuyan, ya sake zagayowa, bai yanke ba. Inna ta riƙe kafaɗar da hannu biyu, idanun saƙar suna zamewa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin babban yatsanta.

"Tsaya. Koma a hankali. Yauwa, ga shi. Biyu a haɗe, ɗaya a tsakiya, biyu a haɗe. Layi na gaba a wuce shi lafiya." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Ashe nan kake. Nan wurin ma na yi kuskure, ka ji? Ranar babanka ya dawo da wani tsohon babur ya ce ya samo mana arziki. Faɗa nake yi ina saƙa."

"Babur ɗin ya tashi?"

"Har yau ana jira."

Zaren ya fito a nannaɗe kamar gashin tunkiya. Inna ta ce sai an miƙar da shi, in ba haka ba saƙar za ta yi tudu da kwari. Ta sa Auta ya zauna ya miƙa hannuwansa biyu, tana naɗa zaren a kansu. Ƙafarsa ta fara rawa.

"In ka motsa ya harɗe, kai za ka kwance."

Ya zauna. Tunda yake bai taɓa zama wuri ɗaya haka ba. Yana kallon rigar tana raguwa a cinyarta, kafaɗa ta tafi, ƙirji ya tafi. Inda ya huje da inda mai ya ɓata suka yanke suka zubar.

Ya wanke zaren da ruwan ɗumi da sabulun jarirai. Ruwan farko ya fito baƙi, na biyu ya fito ruwan ƙasa, na uku ya fito fes. Da ya kai hancinsa, sabulu kawai ya ji. Ya tsaya riƙe da shi na ɗan lokaci, sannan ya rataye shi a igiya saman murhun gawayi, tunda rana ta ƙi fitowa, ya ɗaure kwaɗon ƙofa da manyan notuna a ƙasa don su ja shi ya miƙe.

Rumfa ta zauna a kulle. Inna tana saƙa da wayoyin keke, shi yana gefenta ya zama idonta. In ido ya zame daga tsinke sai ta ce, "Likita, ga mara lafiya," ya sa yatsunsa masu kaushi ya kamo shi ya mayar. Da suka iso kafaɗa, ba ta ko tsaya tunani ba. Biyu a haɗe, ɗaya a tsakiya, biyu a haɗe.

Ranar sallama ma ruwa ake yi. Auta ya shiga asibiti da 'yar shara-sharar riga, haƙoransa suna haɗuwa. Nas ta karɓi ƙunshin, ta juya cikin rigar waje, ta bi da yatsa tana neman ɗinki ba ta samu ba.

"Kalar ta tsofaffi ce," ta ce, "amma aikin ya yi. Wa ya saƙa?"

"Kakarta."

Aka sa wa yarinyar. Ta zauna mata cif, hannu daidai hannu, ga hula da safa ruwan ƙwai. Ta yi miƙa, ta dunƙule hannu a bakin rigar, ta ci gaba da barcinta.

Maijego ta karɓe ta, ta shafa bayan rigar. Ta dubi kalar, ta ɗago ta dubi mijinta yana karkarwa.

"Ina rigarka?"

"Ba ke kika ce za ki jefar ba?"

Ta zare mayafin da ke kafaɗarta ta yafa masa, ta ce, "Riƙe jakar, malam. Kuma a hankali za ka yi tafiya, ba tsere muke ba."

Suka fito ƙarƙashin lema ɗaya, yana rage takunsa daidai da nata.

Da aka zo lissafi, abin da aka rasa ba shi da yawa: wayoyi huɗu daga ƙafar keken wani, rigar gwanjo ɗaya ruwan hoda, masu kawo gyara biyu da suka gaji da jira suka koma wata rumfar, rigar Baba guda ɗaya, da warin da ke jikinta.