Fitilun Lauratu a Kalankuwar Yalwawa

A shekarar da Nasara suka sa aka fara sharar hanya daga Dutse zuwa Kafin Hausa, kalankuwar Yalwawa ta kusa rasa masu yin ta. Kaka ta yi kyau, gero ya shiga rumbu, amma duk namiji mai jini a jika da sassafe yake fita da gatari ko fartanya, ba ya dawowa sai rana ta yi ja. Dagaci ya tara dattawa a ƙofar gidansa aka yi ta juya magana, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa wasan da aka saba yi da la'asar, bana sai bayan sallar lisha. Wata yana ƙarshensa a lokacin, ba kuma damar jiran sabo, don Jaji mai gangar noma ya riga ya yi wa wasu garuruwa alkawari.

Duk garin ba wanda wannan shawara ta taɓa kamar Arzika. Shi ne babban ɗan hoto na Yalwawa, wato cikin manoman nan da ke rawa da garma in ganga ta yi zaƙi, su cilla ta sama ta juyo da kaifinta su cafe. Tun yana saurayi ba a taɓa kalankuwa babu shi ba. Yanzu furfura ta cinye gemunsa, ƙarfin damtse dai yana nan, amma dundumi ya kama shi. Da rana yana gani sarai. Magariba na yi sai duniya ta haɗe masa.

Bai gaya wa kowa ba, har matarsa Lauratu. Ita kuwa mai sana'ar man gyaɗa ce da ƙuli-ƙuli, mace marar yawan magana, ta kuma daɗe da ganewa. Ta ga ya daina fita hira, ta ga yadda yake shafa bango kafin ya sami ƙofar ɗaki. Abin da ta yi kawai shi ne ta riƙa kawar da kaya daga tsakar gida kafin duhu, ranar kasuwa kuma ta sayo masa hanta ta gasa, ta ce kwaɗayinta ne ya tashi.

Da ya dawo daga ƙofar dagaci ya ba ta labari, ya ƙara da cewa shi dai zai shiga fili kamar kullum, garma ta san hannunsa. Lauratu tana tsame ƙuli-ƙuli daga kasko, ba ta ɗago ba.

Ta ce, "To, Maigida. Amma in za ka shiga, ni zan kunna wutar filin."

Ya yi dariya ya ce wuta ai ta samari ce, su tara kara a tsakiya su cinna. Ta ce ta san wannan wutar tun tana yarinya a dandali: ƙafafu take haskawa, ta cika ido da hayaƙi, ta bar sama baƙi ƙirin, garma kuwa ba a ƙasa take tafiya ba. Ya tashi ya shige ɗaki.

Washegari ta bi gida gida tana aron fitilun kasko, ta murza abawa ta yi lagwani mai kauri, ta ware tulu guda na man da ta yi niyyar kaiwa kasuwa. Ta kuma shiga wurin uwargidan dagaci ta roƙi a ara mata fitilar ƙwai, wadda wani ɗan kasuwar Kano mai sayen gyaɗa ya kawo wa dagaci. Ita kaɗai ce irinta a garin, ba a kunna ta sai an yi baƙo. Dagaci ya ba da ita da ɗan kananzir a kwalba, tare da gargaɗi mai yawa a kan ƙwan.

Filin wasan yana gindin wani babban dutse, ga dabinai biyu dogaye a bakinsa. Da magariba ta wuce Lauratu ta kira Muntaka, ɗan wan Arzika, magidanci ne, shi ma ɗan hoto, ya ɗaukar mata kaya. Ta ce wa mijinta ya zo ya tsaya a tsakiya ya gaya mata ko hasken ya isa, tunda shi ya san inda garma ke kaiwa. Ta riƙe fitila ta wuce gaba a hankali, ya biyo haskenta.

Da farko ta jera fitilun a ƙasa, zagaye da filin. Ta ba Muntaka faifai ta ce ya cilla sama. Faifan ya tashi ya sauko, Arzika ya ce haske ya yi. Amma ita wuyansa take kallo, ta kuwa ga kansa bai bi faifan ba, sai da ya ji ƙarar faɗuwarsa ya juya. Ta sa Muntaka ya hau dabino ya sassaƙale fitilun a kututturan rassa, wasu kuma a kan duwatsun da ke gaba. Wannan karon Arzika ya ɗaga kai, hasken ya soke shi a ido, ya runtse, hawaye ya zubo masa. Ya ce ƙwaro ne ya faɗa masa.

A dare na gaba ta aiki Muntaka gida ɗauko abin da ba ta bukata. Suka rage su biyu a fili. Arzika ya daɗe a tsaye, hannunsa a ƙugu, sannan ya yi magana ƙasa ƙasa.

"Lauratu, ba na ganin faifan nan."

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun daren da ka yi wa turmina sallama, ka tsaya jiran ya amsa."

Ya so ya ɓata rai, dariya ta ci ƙarfinsa, har ya zauna a ƙasa. Ita ma ta zauna kusa da shi. Ta ce in ya ga dama ya haƙura da wasan, ba wanda zai zage shi. Ya ce in ya zauna a bana mutane za su tambayi dalili, shi kuma yana so ya ajiye garma da hannunsa, ba wai ta faɗi a bakin mutane ba. Ta ce to, amma daga yanzu in ta tambaye shi ko yana gani, ya faɗa mata gaskiya.

Daga nan aikin ya yi sauri, don ya zama na mutum biyu. Shi ya gano cewa in fitila tana bayansa idonsa yana hutawa. Sai aka kwashe duk na gaba aka mayar kan dabinan, shi kuma ya juya musu baya ya fuskanci dutsen. Iska ta dame su, sai Lauratu ta tattaro fasassun tukwane daga bayan gidaje, ta shafe cikinsu da farar ƙasa, ta zaunar da kowace fitila a cikin tukunya, bakinta yana kallon sama da gaba. Fitilar ƙwai ta tafi can ƙololuwa, aka ɗaura mata tasar tagulla a baya, wadda Lauratu ta zo da ita gidan aure, ta goge ta da toka har tana ɗaukar ido.

Sun yi kuskure ɗaya da ya ci musu yini guda. Lauratu ta sa aka shafe fuskar dutsen da farar ƙasa don filin ya ƙara haske. Filin ya haskaka kuwa, amma da Muntaka ya cilla garma sai ta ɓace a cikin farin. Dole suka ɗebo ruwa suka wanke dutsen. Arzika ya ce ai ba dutse zai cafe ba, ƙota zai cafe. Sai aka shafa wa ƙotar garmar farar ƙasa, aka bar dutsen da duhunsa. Muntaka ya cilla, Lauratu ta ga kan mijinta ya bi ta sama, ya biyo ta ƙasa. Ta juya ta shiga gyara lagwanin da ba abin da ya same shi.

Saura rawar kanta. Ɗan hoto juyi yake yi ko'ina, ya cilla ta inda ya ga dama, Arzika kuwa dole sai yana fuskantar dutse. Ya je ya sami Jaji ya gaya masa komai. Jaji ya ce shi ma kunnensa na hagu ya daɗe da tafiya, ba wanda ya sani sai gangarsa. Suka shirya cewa ba zai sauya kiɗa zuwa na cilli ba sai ya ga bayan Arzika ya daidaita da dabinan.

Ranar kalankuwa mutane suka zo har daga Limawa. Lauratu ta sa aka zauna dama da hagu, aka bar gindin dutse ba kowa, ta hana a shigo da ko bakin wuta ta wannan gefen. Ta jera wasu fitilu a ƙasa don rawar samari da 'yan mata, kowace da mace zaune kusa da ita riƙe da ƙoƙo. Filin ya ɗauki ƙamshin man gyaɗa, har wani tsoho ya ce tun da yake bai taɓa kallon wasa yana jin yunwa irin ta yau ba.

Samari suka yi nasu, Muntaka ya yi nasa aka yi masa guɗa. Da Jaji ya fara kirarin Arzika, Lauratu ta ɗaga hannu, matan suka kifa ƙoƙuna a kan fitilun ƙasa. Haske ya rage daga sama kawai, yana sauka a kafaɗun Arzika da layun damtsensa. Ya taka, ya juya, ya daidaita. Ganga ta sauya. Garma ta tashi, farar ƙotar tana wulwulawa a jikin duhun dutse, ta dawo cikin tafinsa. Ya sake, ta fi ta farko nisa, ya cafe.

A cilli na uku iska ta taso daga bayan dutse bayan garma ta riga ta bar hannunsa. Tukwanen dabinon hagu suka mutu gaba ɗaya, na dama suka yi ƙasa. Fitilar ƙwai ce kaɗai ba ta girgiza ba. Arzika ya hango farin a makare, ya miƙa hannu, ya durƙusa a gwiwa ɗaya ya tare ta. 'Yan kallo suka ɗauka sabon salo ne, guɗa ta kaure. Lauratu kaɗai ta ga yadda ya manne hannun a jikin warkinsa. Ya miƙe, ya kira Muntaka tsakiyar fili, ya ɗora masa garmar a kafaɗa a gaban kowa, ya koma gefe ya zauna.

A gida ta wanke masa yankan, bai yi zurfi ba, ta sa masa garin bagaruwa ta ɗaure. Tana yi tana ta jajanta masa. Ya ce ta daina, ai ya gani, da bai gani ba da ba a hannu za ta tsaya ba. Ta ce laifinta ne, da ta sa wa tukwanen hagu murfi rabi. Ya ce to ta sa a gaba.

Gaban kuwa bai yi nisa ba. Kafin rani ya tsaya mutanen Limawa suka aiko a zo a shirya musu fitilun wasan biki, daga nan wasu ƙauyukan suka bi. Lauratu ke tsara wuri, Arzika ke kora jaki da tukwane, yana gardama da ita a kan kowace rataya. Fasassun tukwanen garin suka ƙare, sai ya koyi huda gefen tukunya da ƙusa. Ranar da ya gwada a kan sabon tulunta na ruwa ya tsage biyu, ta ba shi ƙwarya ta nuna masa hanyar rijiya. Ya tafi yana mita, maƙwabta suna yi masa sannu da aiki.