Tsallen da Aka Auna da Hannun Namiji

Tun kafin a buɗe wa 'yan mata ƙofa Mahshid ta san akwai matsala. Ta tsaya a gindin bangon hawa, ta ɗaga kai tana duban hanya ta ƙarshe a gasar: ƙananan mariƙai biyu a ƙasa, sai fili fetal, sai can sama wani ƙaton mariƙi ja mai santsi kamar ɓarin kankana. Ba wurin taka ƙafa a tsakani. Sai dai tsalle.

Haka gidajen hawa na Tehran suka koma a 'yan shekarun nan. Da can a hankali ake hawa, da ƙarfin yatsu da dabara. Yanzu kuwa kowane gida so yake a ga yara suna shawagi a iska, don a ɗauka a waya a yaɗa. Wani gida a arewacin birni ya fara, sauran suka bi, wannan na ƙoƙarin ya fi wancan nisan tsalle. Mahshid, wadda ta daɗe tana koyar da 'yan mata a wani ɗan ƙaramin gida a kudancin birni, ba ta ƙi tsallen ba. Ta koya wa ɗalibanta. Abin da ke ci mata rai daban ne.

Maza ne ke shirya hanyoyin gasar mata. Su zo da injinsu su ɗaura mariƙai, su gwada da jikinsu, sannan su fita a rufe ƙofa, tunda ba a barin namiji a zauren idan mata na hawa. Don haka babu ɗayansu da ya taɓa ganin yarinya a kan hanyar da ya shirya. Wannan karon kuma Kurosh ne ya shirya, dogon nan da ita da kanta ta koya wa ƙulla igiya tun yana da majina a hanci.

Ɗalibarta Gisu ce damuwarta. Yarinya ce 'yar ƙarama, ko kafaɗar Mahshid ba ta kai ba, amma yatsunta kamar ƙugiya. Shida na farko a gasar yau su za a ɗauka cikin ƙungiyar birni, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe a rukunin matasa. Ta zo hanyar ƙarshe tana ta bakwai. In ta kai sama ta shiga, in ba ta kai ba shi ke nan.

Aka fara fito da yaran ɗaya bayan ɗaya. Dogaye biyu suka kama jan mariƙin. Sauran suka dinga zubowa kan katifa kamar nunannun 'ya'yan itace. Mahshid ta kasa zama, ta je wurin alƙaliya, Hanum Rastegar, ta ce mata wannan hanya ba ta gwada iya hawa, tsawo take gwadawa. Alƙaliyar ba ta musa ba. Ta dai ce an riga an fara, ba a taɓa mariƙi, kuma ko da ana taɓawa, wa zai taɓa? Mai injin yana waje.

Mahshid ta gyara gyalenta ta fita. A bakin ƙofa ta sami Kurosh zaune a bayan motarsa tare da iyaye maza na yaran, yana shan shayi da ƙwayar sukari a baki. Injin ɗaura mariƙan na ajiye a gefensa. Da ganinta ya miƙe tsaye, hannu a ƙirji, yana tambayar lafiyarta da ta gida, yana roƙon ta zauna ta sha shayi.

"Riƙe shayinka," in ji ta. "Wa ya gwada hanyar nan mai jan mariƙi?"

Ya ce shi ne, kuma wallahi ya yi la'akari da 'yan mata, don da zai yi tsallen sai da ya lanƙwasa gwiwar hannunsa ya rage tsawonsa.

"Ka lanƙwasa hannu. Sannu, raƙumin dawa. Ƙafafun fa, ninke su ka yi ka sa a aljihu?"

Iyayen suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Kurosh ya ce, "Haba Malama, ko'ina a birnin nan haka ake yi yanzu. In na sa hanya irin ta da, cewa za a yi na tsufa."

Ta ce masa da a ce ya tsufa da a ce ya karya zuciyar yara, wanne ya fi? Ba ta jira amsa ba, don ta ji ana kiran sunan Gisu daga ciki.

Gisu ta shafa alli a hannu, ta hau, ta yi tsalle. Yatsunta suka wuce ƙasa da mariƙin da kusan taƙi guda. Ta tashi ta sake, ta sake faɗowa. A karo na gaba ta bugu a kafaɗa, ta ɗan jima a kwance. Da ta miƙe ba ta dubi jan mariƙin ba, bangon ta tsura wa ido. Mahshid ta gane abin da take kallo.

Jikin bangon cike yake da ƙananan ramukan noti, inda ake ɗaura mariƙai. Yatsan namiji ba ya shiga cikinsu, na Gisu kuwa yana shiga. Ta hau, ta zura yatsa a rami, ta ja jikinta a hankali, ta miƙa ɗaya hannun ta dafa jan mariƙin kamar mai ɗaukar kofi a kan tebur. Ta kai sama. Zauren ya ɗauki tafi da guɗa.

Hanum Rastegar ta ɗaga hannu ta ce ba a ƙirga ba. Doka ta hana sa yatsa a ramin noti, kowa ya sani, Gisu ma ta sani. Wasu iyaye mata suka taso wa Mahshid, suna cewa ta ɗaukaka ƙara. Ta ƙi. Hukuncin daidai ne, abin da ya fi ƙona ta ke nan: babu wanda za ta yi wa faɗa a cikin zauren.

Gisu ta zo ta zauna kusa da ita tana kwance takalmi, idonta a bushe. "Na san ba za a ƙirga ba, Malama," ta ce. "So nake kawai in ji yadda yake a hannu."

Mahshid ta riƙe ɗan yatsan nan da ya fara kumbura, ta naɗe shi. Ta bakwai Gisu ta zo, ta bakwai za ta koma gida.

Da aka tashi, Mahshid ta sami Kurosh inda ta bar shi. Labari ya riga ya kai masa, sai sunkuyar da kai yake. Ta dubi injin da ke gefensa ta ce yana da kyau. Ya ɗauko shi da hannu biyu ya miƙa mata, kamar yadda kowa ke yi a ƙasar idan an yaba kayansa, yana cewa ai bai kai darajarta ba, nata ne. Ya tsaya yana jiran ta ƙi, ya nace, ta sake ƙi, ya mayar da abinsa.

Mahshid ta karɓa, ta auna nauyinsa a hannu, ta saka a jaka.

"Na gode," ta ce. "Gasa mai zuwa a gidanmu za a yi. Ni zan shirya ta mata, kuma ina ciki lokacin da za su hau."

Ya dubi iyayen da ke kallonsa, dole ya bar mata injin. Ta kama hannun Gisu suka nufi tashar jirgin ƙasa, jakar na bugun ƙugunta.